Kujerar Baba Maiwada

Mu'azzam injiniyan gine-gine ne, ɗan asalin Funtuwa, yana aiki da wani kamfani a Riyad. Yana zaune a unguwar Murabba da matarsa Huseina da 'yarsu Kamila. In ana lissafa mutanen kirki a cikin 'yan Najeriyan garin, ba za a tsallake sunansa ba. Ba ya faɗa, ba ya yawon banza, salla ba ta wuce shi, kuma bai taɓa mantawa da na gida ba. Aibinsa ɗaya ne, in na faɗa ma sai ku yi dariya: kujeru. Tsofaffin kujerun nan da Turawa suka ƙera a shekarun hamsin da sittin, masu siraran ƙafafu da katako mai launin zuma. Da zarar idonsa ya sauka a kan irinsu, hankalinsa ya tafi ke nan, kunyarsa kuma ta bi shi a baya.

Abin ya fara ne kamar wasa. Wani abokin aikinsa ya nuna masa hotunansu a waya, ya ce a Turai har rububinsu ake yi, alhali ga su nan a haraj, kasuwar gwanjon da ke kudancin gari, an jibge su tare da matattun firiji da tsofaffin darduma. Turawan da suka yi aikin tituna da asibitoci a shekarun baya ne suka tafi suka bar su, masu gari kuwa sun fi son manyan kujeru masu ruwan gwal. Tun daga ranar Mu'azzam ya zama ɗan haraj. Duk Asabar da yamma yana can, yana kifa kujeru yana leƙa ƙarƙashinsu don neman tambarin kamfanin da ya ƙera, har 'yan kasuwar suka sa masa suna Abu Kursi, wato uban kujera.

In ya kawo gida sai ya wanke, ya shafa mai, ya goge, ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagiram, inda ya tara abokai masu irin ciwonsa. Falonsu ya cika da kujeru, amma kada ka kuskura ka zauna. Kowace ya ɗaura mata kirtani daga hannu zuwa hannu. Baƙo in ya zo, a kan darduma zai zauna yana ɗaga kai yana kallon kujeru. Huseina takan ce ita dai ba ta taɓa ganin gidan da kujeru ke hutawa masu gida suna ƙasa ba sai nata. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ba ta san darajar abin ba ne.

To, a garin akwai wani dattijo, Baba Maiwada, aminin mahaifin Mu'azzam tun suna samari. Ya shigo Saudiyya tun shekarun saba'in, ya yi tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare, iyalan kafilinsa kuma, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, saboda amanarsa suka ci gaba da sabunta masa takardar zama. Yana zaune a wani tsohon gida a unguwar Al-Ud da matarsa Hajjo. 'Ya'yansu mata ne, duk sun yi aure sun koma gida. Ranar da Mu'azzam ya fara sauka a filin jirgin Sarki Khalid, bai san kowa ba, bai iya ko tambayar ruwa da Larabci ba, Baba Maiwada ne ya tsaya a bakin ƙofar fita yana jiransa. A ɗakinsa ya kwana, tuwon Hajjo ya ci, har kamfani ya ba shi masauki. Da mahaifinsa ya rasu, Baba ne ya zaunar da shi ya ce masa muddin yana raye bai yi maraici ba.

Tsufa ya kama Baba ta gwiwa. Tafiya yana yinta da sanda a hankali, amma tashi daga zaune shi ne yaƙin. Abin da ya rufa masa asiri kujera ce guda ɗaya a ɗakinsa, kusa da taga. Wani Bature da ya yi wa tuƙi a farkon zuwansa ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Mazauninta da tauri, tsayinta daidai ƙafarsa, hannuwanta na katako ne masu faɗi. In aka kira salla sai ya dafa hannuwan nan da tafukansa, ya ce ya Allah, ya miƙe da kansa, ya ɗauki sanda ya nufi masallacin bakin layi. Ba mai kama shi, kuma da wannan yake alfahari. A kanta yake lazimi, a kanta yake shan shayi yana sauraron rediyo.

Mu'azzam ya sha zama kusa da kujerar nan shekara da shekaru bai san ko mece ce ba, domin kullum a lulluɓe take da wani tsohon bargo. Sai wata Juma'a ya je gaisuwa ya tarar Hajjo ta wanke bargon ta shanya. Yana shiga ɗakin ya yi turus. Ga ta nan a fili, ƙirar ƙasar Denmark, irin wadda ya samu guda ɗaya a haraj ya daɗe yana neman 'yar uwarta. Gaisuwar ma a gurguje ya yi ta. Da Baba ya tashi zuwa alwala, sai gogan naka ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tambarin da yake nema. Ya shafa hannuwan kujerar, ya ji inda tafukan tsohon suka cinye katakon har ya yi ɗan kwarmi, sumul, ya yi fari-fari. Zuciyarsa ta shiga bugawa kamar ta wanda ya yi tsintuwa yana tsoron mai abu ya waiwayo.

Baba ya dawo ya same shi yana ta shafawa. Mu'azzam ya hau yabo, ya yaba katako, ya yaba ƙira, ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba. Baba ya yi dariya. Dama Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci, don tsokana.

"In ta burge ka haka, Muhandis, ai sai ka ɗauka. Nawa naka ne."

Duk wanda aka haifa a ƙasar Hausa ya san wannan magana tayi ce. Dattijo ba ya jin ɗansa yana yaba abinsa ya yi shiru. Shi zai ce ɗauka, kai kuma ka ce a'a, Allah ya bar ka da abinka, shi ke nan kowa ya fita kunyar kowa. Mu'azzam ya san haka sarai, ai ba a Turai aka yi masa tarbiyya ba. Ranar ma abin da ya faɗa ke nan. Amma ya koma gida da maganar a ransa yana ta juya ta.

Sai ga mutumin da yake leƙa Baba jifa-jifa ya koma zuwa duk mako, da ledar lemo da dabino. Kowane zuwa sai ya yaba kujera, kowane yabo sai Baba ya maimaita tayinsa, don ba yadda zai yi. Hajjo ta ji daɗin zumuncin da ya ƙaru, har tana ta sa masa albarka, baiwar Allah. Shi kuwa tayin yake tarawa kamar mai tara shaidu, don ranar da zuciyarsa ta tuhume shi ya ce mata ai ba sau ɗaya aka ce ya ɗauka ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidan da dabbab, 'yar ƙaramar motar ɗaukar kaya, an ɗoro wata ƙatuwar kujerar fata sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba. Irin mai laushin nan ce da ke kwantar da baya, tana lilo tana juyawa. Da ƙyar shi da direban suka shigar da ita ɗakin. Ya durƙusa gaban Baba ya ce ya ga tsohuwar ta yi masa tauri, bai kamata dattijo kamarsa ya riƙa zama a kan katako ba, shi ya sa ya kawo masa wadda za ta hutar da shi. Ita kuma waccan, tunda Baba ya sha cewa ya ɗauka, zai tafi da ita ya rage musu cunkoso.

Baba ya dubi sabuwar, ya dubi Mu'azzam. Hannunsa yana kan hannun kujerarsa, babban yatsansa yana shafa kwarmin nan. Hajjo tana tsaye bakin ƙofa da farantin shayi, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata ido, ta yi shiru. To me zai ce? Bakinsa ne ya ce a ɗauka. Ga kuma yaro ya yi ɗawainiya ya kawo kyauta, mayar masa da ita cin fuska ne. Sai ya dafa hannuwan, ya ce ya Allah, ya miƙe, ya matsa gefe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya sa ta amfane ka."

Aka zaunar da shi a sabuwar, ta haɗiye shi har gwiwoyinsa suka ɗago sama. Ya yi dariya ya ce wannan ai gado ne aka yi wa hannuwa. Suna nan har aka kira azahar. Baba ya dafa hannuwan fatar, suka lotse, kujerar ta yi baya da shi. Ya sake yunƙurawa, ta juya gefe. Mu'azzam ne da kansa ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi, ya ji nauyin tsohon a hannunsa, ya ji yadda yake haki. Kada wani ya ce bai gani ba. Ya gani, ya kuma gane. Amma tsohuwar kujera tana kan dabbab an riga an ɗaure ta, sai ya ce wa zuciyarsa rashin sabo ne, zai saba.

Da ya isa gida Huseina ta gane kujerar nan take daga hannuwanta, don ta sha gaishe da Baba yana kanta. Ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce Baba ne ya ba shi, kuma ya musanya masa da sabuwa wadda ta fi ta komai.

"Baban Kamila, tayi fa ya yi maka."

"Da bakinsa ya ce in ɗauka. Ba sau ɗaya ba."

"In ka shiga gidan mutum yana cin tuwo ya ce bismilla, sai ka ɗauke kwanon ka tafi da shi?"

Sai ya hau faɗa, wai ita komai ya yi sai ta kushe. Ta ce ba kushe ba ne, tsoro take ji masa. Ya ajiye kujerar kusa da 'yar uwarta, ya ɗaura mata kirtani, ya ɗauki hoto. Abokansa na Instagiram suka yi ta yaba sa'arsa. Ya karanta yabon duka, amma abincin da aka ajiye masa ko rabi bai ci ba.

Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga Al-Ud. Mutumin da ke zuwa duk mako ya koma waya, wayar ma a tsaitsaye. In ya tambayi Baba yaya sabuwar kujera, sai ya ce alhamdu lillahi, tana nan tana ta hidima. Mu'azzam ya riƙe wannan amsa gam, alhali ya san dattijo irin Baba ko ƙaya aka shimfiɗa masa da sunan kyauta, godiya zai yi. Huseina ce ba ta daina zuwa ba. Ta dawo wata rana ta faɗa masa Baba ya daina fita masallaci sai in maƙwabta sun zo sun ɗaga shi. Yawancin salloli a gida yake yi, Hajjo ce ke jan shi ya tashi, ita ma ga ta da ciwon baya.

Maganar ta soke shi. Ya ce zai mayar, wallahi zai mayar, amma a bari wani baƙo ya zo ya tafi tukuna. Baƙon wani mai zanen gidaje ne ɗan Labanan, babba a cikin masu tara irin waɗannan kujeru, ya yi alkawarin zuwa ya ga tagwayen da idonsa. Huseina ta ce gwiwar Baba ba ta san da zuwan wani baƙo ba. Ya yi kamar bai ji ta ba.

Baƙo ya zo, aka kawo gahawa da dabino, shi ma a darduma ya zauna kafin ya tashi zagaye. Da ya iso kan kujerar Baba sai ya tsaya, ya sa tafukansa a cikin kwarmin nan. Ya ce wannan ita ce sarauniyar ɗakin. Irin wannan cinyewar katako, in ji shi, babu kafintan da zai iya yin ta, sai hannun mutum ɗaya da shekaru masu yawa. Ya nuna wa Mu'azzam inda mai ita yake dannawa, ya ce ko wane ne, da ita yake tashi. Sannan ya juyo cikin ladabi ya tambaya:

"Allah ya ji ƙansa. Yaushe ya rasu?"

Mu'azzam ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce yana nan da ransa. Baƙon ya dube shi, ya dubi kujerar, ya janye hannunsa a hankali, ya shiga maganar wata kujera dabam. Har ya tafi bai sake waiwayar ta ba.

Ranar Mu'azzam ya yanke shawara, Juma'a mai zuwa zai kai ta. Juma'a ta zo, ya tsaya gaban kujerar ya kwance kirtanin, sai ya fara tunanin da wane ido zai kalli Hajjo, kuma me zai ce ya sa ya dawo da ita. In ya mayar, ai ya amsa laifinsa ke nan. Ya sake ɗaure kirtanin ya ce sai wani makon, in ya shirya abin da zai faɗa. Wani makon aiki ya kai shi wajen gari. Na bayansa Kamila ba ta da lafiya. Uzuri dai ba ya ƙarewa ga mai nemansa. Abin takaici, kujerar da ya yi wa dattijo wayo dominta ta zama ko kallonta ba ya iya yi, in zai wuce ta falo sai ya kawar da kai.

Yana wurin aiki wata rana bayan la'asar Huseina ta kira shi a waya. Baba ya faɗi. Hajjo ta leƙa maƙwabta karɓo wani abu, aka kira salla, ya ƙi jira, ya yunƙura shi kaɗai. Kujerar ta juya da shi ta zubar da shi a kan tayil, ƙashin ƙugunsa ya karye. A nan ta dawo ta same shi kwance yana ta salati, hularsa a gefe.

Mu'azzam bai san yadda ya tuƙa mota zuwa asibiti ba. Ya tarar da Baba ya ƙanƙance a kan gado, fuska ta faɗa. Da Baba ya gan shi sai ya yi murmushi ya ce Muhandis ya ɓuya, aiki ne ya yi yawa ko? Ya ce kada ya damu, santsin tayil ne kawai, tsufa kuma ba ya jin magani. Mu'azzam ya durƙusa ya kama hannunsa, ya ji kantar tafin nan, hawaye suka zubo masa.

"Baba, kujerar nan. Zan dawo maka da ita."

"Wace kujera kuma? Abin da na ba ka? Haba ɗana, so kake in lashe amaina da tsufana? Bar maganar nan. Karanta mini wani abu in ji."

Ya karanta masa wasu ayoyi. Daga asibiti ya wuce gida, ya tsinke kirtanin, ya cusa kujerar a bayan mota. Hajjo tana jinya, gidan a kulle, sai ya ce ranar da aka sallami Baba a bakin taga zai tarar da abarsa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya yi ta yawo da ita, daga wurin aiki zuwa asibiti, daga asibiti zuwa gida. An yi wa Baba aiki a ƙugu, kamar za a samu sauƙi, sai ciwon ƙirji ya shigo saboda doguwar kwanciya. Ba a sallame shi ba. Wata safiya Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi masa salla bayan la'asar aka kai shi maƙabartar Al-Ud. Mu'azzam yana cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Ya ji nauyinsa a hannu, ya tuna ranar da ya ɗaga shi daga kujerar fata ya ce zai saba. Aka rufe, aka kafa ɗan dutse ba suna ba komai, kamar yadda ake yi a can. Da ya fito bakin ƙofa sai ya hango motarsa, siraran ƙafafun kujerar suna leƙowa ta gilashin baya.

Bayan an tashi daga zaman makoki, mutane sun ragu, ya ɗauko kujerar ya shiga da ita. Hajjo tana takaba, daga bayan labule ta amsa sallamarsa. Kujerar fata tana nan a bakin taga inda ya ajiye ta. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce ya san tayi ne ya karɓa, ya ce tun ranar farko ya ga Baba ya kasa tashi amma ya yi shiru. Ya roƙe ta gafara.

Da ta amsa, ba hayaniya a muryarta. Ta ce tun makon farko ta nemi a fitar da ta fatar a samo wa Malam, wato Baba, ta katako, ko a haraj ne. Ya hana. Ya ce in yaron ya zo gaisuwa bai same shi a kan kyautarsa ba, zai ji ba daɗi. Ta ce to bari ta kira shi ta faɗa masa gaskiya, ya ce in ta yi bai yafe ba, ɗan amininsa ne, ba za a sa shi jin kunya a kan katako ba. Ta ce masa kunyar marar kunya asara ce. Ranar har fushi ya yi da ita, abin da bai saba ba.

"Duk Juma'a in an dawo da shi daga masallaci sai ya sa na zaunar da shi a kanta, da hularsa mai kyau, wai ko za ka zo. Ba ka zo ba, Mu'azzam."

Ya kifa kai a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce Malam ya yafe masa tun kafin ya roƙa, ita ma ta yafe, don ba za ta saɓa wa mijinta yana kabari ba. Amma kujera kam ya ɗauki abarsa.

"Ya ce taka ce. Kuma yanzu wa zai zauna?"

Haka ya sake ɗaukar ta ya fito. Bai iya kai ta gida ba. Ya tsaya a bakin layi da ita a hannu, mutane suna wucewa suna kallonsa, har ya hango liman zai shiga masallacin da Baba ke salla. Ya bi shi ya ce sadaka ce ya kawo, Allah ya kai ladan ga Maiwada, a ajiye ta a ƙarshen sahu saboda tsofaffi. Liman ya ce to, ya nuna masa inda zai ajiye. Sauran kujerun gidansa ya kwance musu kirtani, wasu ya rabar, wasu suna nan ana zama a kansu. Har Kamila ta zubar wa ɗaya da shayi bai ce uffan ba. Haraj kuwa ko hanyar bai ƙara bi ba.

Har ya bar Riyad, in ya samu sarari yakan je masallacin nan sallar la'asar, ko da yake ba wani sanyi yake samu ba. Akwai wani tsoho ɗan Yaman da ya mayar da kujerar wurin zamansa. In an tayar da salla, sai Mu'azzam ya ga tsohon ya sa tafukansa a cikin kwarmin da hannun Baba ya bari, ya danna, ya miƙe cak ba wanda ya kama shi. Abin da Baba yake buƙata ke nan, ba ƙari. Kuma duk tsawon watannin nan tana falon Mu'azzam a ɗaure da kirtani.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba duk abin da aka ce ka ɗauka ne ya zama naka ba. Abin da mutum ya bayar don kunya ta hana shi cewa a'a, ba kyauta ba ce, ƙwace ne cikin ladabi, kuma mai karɓa ya fi kowa sanin haka. Kada ka mayar da karar dattijo ta zama hanyar cutar da shi, kada kuma sha'awar abin ado ta rufe maka ido daga wanda rayuwarsa ta jingina da abin. In ka riga ka yi kuskure, gyara shi yau, ka daure wa kunyar yini ɗaya. Wanda ya tsaya jiran ranar da zai shirya bakin magana, yana iya zuwa da haƙƙin mutum a hannu ya tarar babu mai karɓa. Son zuciya ɓacin zuciya, Allah ya kiyashe mu.